Injin Babbar Mota a Cikin Ƙaramar Motar Yayana

Har yau ban gane abin da ya shiga kan yayana ba a shekarar nan, can ƙarshen mulkin Bature. Wani Baturen gona zai koma ƙasarsu, ya bar masa wata 'yar ƙaramar mota baƙa wadda injinta ya mutu. Maimakon ya nemi irin nata, sai ya samo injin babbar motar gyaɗa da ta faɗi a hanyar Sakkwato, ya kira wani makaniki na Bodinga ya ce a cusa mata.

Na ce, "Yaya, wannan abu ya shiga kuwa?"

Ya ce, "Kai dai manomin albasa ne, mi ka sani? In ka ba jaki zuciyar raƙumi, ai ƙarfi za shi ƙara."

To, wallahi ya shiga, amma sai da aka yanke gaba aka ɗaure bonet, wato murfin injin, da igiya. Ana gamawa motar ta kifa hanci ƙasa, bayanta ya ɗage. Muka tsaya muna kallon juna. Yaya ya ce ai kayan jaki in sun rinjaya gefe guda, ɗaya gefen ake ƙara wa nauyi. Aka cika baya da buhunan gero, ta daidaita. Ni kam kaina ya riga ya ɗaure.

Ana cikin haka, da safe, manzo ya zo daga Shagari: Baffa, ƙanen mahaifinmu, yana kan gargara, yana kiran wansa. Sun daɗe ba sa magana saboda wata gonar fadama, kuma Baba ba ya son ƙanensa ya tafi ba su yafi juna ba. Nan take ya ce a ɗaura wa jakinsa akumari.

Yaya ya durƙusa. "Baba, ku yi haƙuri. Jaki sai la'asar. Mota kuwa kafin ku gama jan carbi mun isa."

Baba ya hau kan buhunan gero, kansa na dungurar rufi. Motar ta yi wani irin ruri, ta zabura, har na ce lalle Yaya ya yi gaskiya. Ba mu yi nisa ba sai tururi ya turnuƙe gaba. Ashe lagireton nata, mai sanyaya inji da ruwa, ƙarami ne, injin ya fi ƙarfinsa. Muka nemi rijiya, muka shayar da ita da guga, muka jira ta huce. Gaba kaɗan ta sake. Haba! Motar da ta fi kowace ƙarfi a ƙasar nan, ita ce kuma take roƙon ruwa a kowace rijiya?

A Lambara Baba ya sauko. Ya naɗe bakin rigarsa ya kama hanya da ƙafa. Yaya yana ta kiran ya dakata, yanzu za ta huce.

Mu ba mu shiga Shagari ba sai bayan la'asar, muna turi. Muka tarar da mutane zaune kan tabarmi a ƙofar gidan Baffa. Na rarrafa gaban Baba.

"Baba, kun iske shi?"

Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa da suka kumbura.

"Na iske shi," in ji shi. "Jikinai da sauran ɗumi."