Gurbin Mai Fenti

A wani kamfanin gyaran gine-gine, a saman shagon masu sayar da tayal, akwai wani dattijo da ake ce wa Mai Fenti, ko da yake bai taɓa riƙe burushi ba. Aikinsa kula da jadawalin ayyuka a kwamfuta. Rufin da ke yoyo ko famfon da ya fashe, kowanne yakan ba shi layi guda, ya rubuta wanda zai je, sannan ya shafa masa kala: ja na gaggawa, rawaya ana jiran kaya, kore an gama. Masu famfo ne suka raɗa masa sunan, wai ya fi mai fentin kamfani cin kala.

Tun gashinsa na baƙi yake zaune a teburin nan na bakin taga. Kowace safiya ma'aikata sukan taru a gabansa da jakunkunansu, ya raba musu aiki. Ba ya haɗa kafinta da mai wayarin a gida ɗaya, don ba sa jituwa. In wani magidanci ya bugo waya yana kumfar baki, shi ke lallashinsa. Duk wannan bai taɓa shiga jadawali ba. A ganinsa rashin kunya ne mutum ya rubuta sunansa da hannunsa, kamar mai roƙon a yaba masa.

Da mai kamfani ya tsufa, 'yarsa ta zama manaja. Mai Fenti ya san ta tun tana zuwa ofis da kayan makaranta, kuma har yanzu Baba take ce masa. Ita ta kawo sabuwar manhajar tafiyar da ayyuka, wadda za ta riƙa tura wa kowa aikinsa ta waya, ta kuma nuna nauyin da ke kan kowa. Ta ce a kwashe jadawalin gaba ɗaya a zuba ciki. Ba ta ɓoye ba: kamfani na son rage mutane, kuma da abin da manhajar ta nuna za a yanke hukunci.

Shi aka ba aikin kwashewar, ya kuwa yi shi da zuciya ɗaya. Ya warware gidajen jadawalin da ya taɓa haɗewa, ya mai da rubutun kwanan wata iri ɗaya. Kala ba ta tsallakawa zuwa manhajar, don haka ya bi layi-layi yana rubuta "gaggawa" inda ja yake, "jira" inda rawaya take, har jadawalin ya koma fari fat. Da ya loda karon farko, manhajar ta dawo masa da tarin layuka, wai ba ta karɓar aikin da ba shi da mai shi. Ya koma ya ba kowane aiki mutum. Kafinta ya samu, direba ya samu.

A gida matarsa ta lura ya daina labarin ofis. Tana ninke wanki ta tambaye shi ko ya sa nasa sunan a jadawalin. Ya ce wanda ya yi shekara da shekaru a wuri ba sai an rubuta shi ba, kowa ya san shi. Ta ce to, Allah ya sa na'urar ma ta san shi.

Ranar da ya sake lodawa, kafin shayinsa ya huce komai ya shige. Washegari wayoyi suka yi ta ƙara a aljihuna, kowa ya duba ya wuce, gaban teburinsa babu kowa. A ransa ya so wani abu ya karkace, ko da kaɗan ne, a zo a neme shi. An haɗa kafinta da mai wayarin a gida ɗaya. Sun yi cacar bakinsu, sun gama aikin, sun dawo.

Manaja ta kira shi, ta juyo masa da kwamfutarta. Ga sunayen ma'aikata a jere, ƙarƙashin kowanne ayyuka cunkus. Ƙarƙashin nasa fili ne.

"Baba, ni na san kuna aiki," in ji ta, ba ta kalle shi ba. "Amma wannan za a duba. Ku rubuta abin da kuke yi."

Ya koma ya zauna. Rabon aiki, waya ta karɓe. Lallashin mutane ba shi da ranar farawa balle ta gamawa, manhajar kuwa sai da su. Ya daɗe yana kallon gurbin. Daga baya ya rubuta abu ɗaya da ya tabbata nasa ne: kwashe jadawali zuwa manhaja. Manhajar ta tambayi matsayin aikin. Bai iya ƙarya ba, ya zaɓi "an gama". Layin ya zama kore da kansa.

A ƙarshen wata aka sallame shi daga aiki, aka yi masa godiya sosai, har da tafi.

Yana saukowa da kofinsa da matashin kujerarsa a cikin leda, ya haɗu da kafinta a matakala yana hawowa, idonsa a kan waya.

"Mai Fenti, yau wace kala?" in ji kafinta, ya ci gaba da hawa bai jira amsa ba.