Ƙugiya Mai Jan Kai

Ni 'yar masunta ce. A bakin kogi aka yanke mini cibiya, kuma tun ban iya ɗaura zani ba na san dalma. Mahaifina yakan narka ta a kasko, ya zuba a ramukan yumɓu, ya ɗaure ta a gindin birgi don ragar ta nitse. Idan ya dawo da yamma mu ke shanya birgin, kuma ba sai mun tambaye shi inda ya yi su ba. In dalmar ta dawo da duhunta, a yashi ya yini. In ta dawo a ƙwarzane tana ƙyalli, to cikin duwatsu ya shiga. A cikin duwatsun nan yayana ya tafi. Birginsa ne ya maƙale, ya nitsa zai kwance shi, sai can ƙasan gari aka tsamo gawarsa.

Na je Landan a zamanin da wata mace ke mulkin ƙasar. Autata ce ta haihu, ba ta da mai yi mata wankan jego. Gidansu a unguwar Barking yake, cikin gidajen nan masu manne da juna, in maƙwabci ya yi tari kana ji. A bayan gidan akwai ɗan fili mai ciyawa da wata rumfar katako, daga can kuma sai hanyar jirgin ƙasa.

Surukina yana aiki a babban asibitin da ke Camberwell, wajen masu ɗaukar hoton ƙashi. Yaro ne mai ladabi. Da safe zai durƙusa a ƙofar falo ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" Ni kuma in juya fuska gefe in amsa. Ba ma cin abinci wuri ɗaya, ba ma haɗa ido. Sunansa kuwa ba ya fita a bakina, domin bayan surukuta, sunan marigayi mijina ne da shi, sunan da na zauna da mai shi har ya koma ga Allah ban taɓa furta shi ba. In ina da magana da shi, jaririn nake ɗauka, wanda nake kira Angona. Sai in ce, "Angona, gaya wa babanka tuwo ya sauka." Shi ma ya amsa, "Ka ce wa Inna na gode."

Abin da ya fi so a duniya, bayan iyalinsa, shi ne kamun kifi. Ranar Asabar in ba ya aiki, zai ɗauki doguwar sandar fatsa da akwatinsa ya tafi bakin teku. Wani kifi yake nema, fari fat kamar azurfa, mai ƙaya a gadon baya, ƙirarsa kamar ƙaramin giwan ruwa. Ba tana yake sa masa ba. Ƙugiya ce mai kan dalma, kamar ɗan yatsa, a shafa mata fenti, a yi mata ido, a ɗaura mata gashin tsuntsu. In ana jan ta a ruwa sai kifin ya zaci ɗan'uwansa ne ƙarami, ya kai mata cafka. Da kansa yake yin su a rumfar bayan gida.

Auta takan ce masa, "Ga kifi nan jibge a kasuwar Woolwich, kai sai ka je ka sha sanyi."

Ya ce, "Na kasuwa ai matacce ne."

"Naka da rai muke cin sa?"

Ta taɓa gaya mini kada in damu. Ya ce mata a kan wata gada yake tsayawa, gadar katako da ta shiga cikin teku, mai ƙarfen dafawa hagu da dama, har tsofaffi da yara suna yawo a kai.

Wata Lahadi ina shara a rumfar, na tarar da akwatin a buɗe yana shan iska. Na duba ƙugiyoyin. Fentin duk ya ɗaye. Wata rabin kanta ya tafi, wata ba ido, dalmar tana ƙyalli da ƙwarzane sabo. A jikin gashin akwai gansakuka kore. Na juya su a tafin hannuna. Katako ba ya yi wa dalma haka, yashi ma ba ya yi. Wannan aikin dutse ne.

Da yamma na ɗauki jaririn na tsaya inda uban zai ji. Na ce, "Angona, gaya wa babanka dutsen cikin ruwa ba wurin tsayuwa ba ne."

Ya yi dariya a hankali. "Ka ce wa Inna fentin ne ba shi da kyau. Zan canza shi."

Ban gaya wa Auta ba. Mai jego ce, nononta bai daɗe da kawowa sosai ba, in hankalinta ya tashi sai ya ɗauke. Kuma ba na so in zama surukar da ta zo daga gida ta ce wa 'yarta mijinki ba gaskiya yake gaya miki ba. Na bar abin a cikina yana ci na.

Ya kuwa canza fentin. A da fentin ƙofa yake shafawa, wanda ba ya wuce fita ɗaya. Sai ya koma satar jan farcen matarsa. Ta nema ta rasa, ta same shi a rumfa, ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Malam, kifin ne zai yi kwalliya ko ni?"

"Ke ai kin riga kin kama naki."

Jan farcen ya ɗan fi daɗewa, amma shi ma dutse ya cinye shi. Kowace Lahadi ina zuwa rumfar da tsintsiya a hannu kamar mai shara, in duba. In na ga ƙwarzane kaɗan, in ce yau a gefe ya tsaya. In na ga kan ya yi fari tas, in san ya shiga can ciki. Ina kallon Auta tana shayar da ɗanta, ina tuna matar yayana ranar da aka shigo da shi a tabarma. Ita tana da dangi cike da gari. Auta fa, a ƙasar da maƙwabcinka bai san sunanka ba, wa zai riƙe ta?

Daga baya wani abokin aikinsa ya koya masa wata dabara. Ya fara goge dalmar da ruwan tsami, ya shafa fari ya bushe, ya shafa ja a kai, sannan ya kwaɓa wani danƙo mai haske daga 'yan kwalabe biyu ya lulluɓe. Har a murhun gashin kicin ya rataye su, gidan ya ɗauki wari. Auta ta buɗe tagogi tana faɗa, ta ce in kazarta ta yi warin fenti shi zai cinye ta shi kaɗai. A cikin waɗanda ya yi, ɗaya ce ta fito yadda yake so, mai jan kai da farin ciki. Ya fita da ita, ta dawo sumul. Ya sake fita, ta sake dawowa sumul, kamar ranar da aka yi ta. Ya ɗaga ta a gaban jaririn yana murna. "Ka ce wa Inna an samu fentin da ya fi ƙarfin dutse."

Ya faɗi dutse da bakinsa bai lura ba. Ni kuwa tsorona ƙaruwa ya yi. A da fentin yana gaya mini inda ya tsaya, yanzu ya yi shiru. Ina juya jan kan nan a hannuna, ba ya ce mini komai.

Bayan an yi arba'in, rana ta fara fitowa a ƙasar, sai ya ce zai kai mu mu ga teku kafin in koma gida. Muka shiga mota muka yi ta tafiya har gidaje suka ƙare. Wurin da ya tsaya akwai wani farin dutse tsaye kamar an yanka alli, a ƙasansa tsakuwa, daga nan sai baƙaƙen duwatsu shimfiɗe har can nesa, ruwan yana bayansu.

Auta ta duba hagu da dama. "Ina gadar?"

"Tana gaba. Yau cike take da mutane."

Ta kalle shi, ta kalle ni. Na sunkuyar da kai ina gyara goyo.

Ya ce ba zai daɗe ba, jifa kaɗan zai yi. Ya taka duwatsun yana tsallake gansakuka, ya yi ta tafiya har ya koma ɗan ƙarami. Hankalina ya ɗan kwanta da na ga ruwan ya janye haka. A wurinmu in kogi ya bar duwatsu a fili, rani ne, ba zai dawo ba sai damina. Ba wanda ya taɓa gaya mini ruwan teku yana tafiya ya dawo a yini guda.

Auta ta shimfiɗa mana zani a tsakuwa. Da sanyi ya dame ta, ta ce za ta hau saman farin dutsen ta samo mana shayi, ta bar ni da jaririn a baya.

Ina zaune ina kallon wani kwari da ke tsakanin duwatsun da gaɓa. Da muka zo a bushe yake, ta nan ya taka ya wuce. Sai na ga ruwa yana malala a cikinsa, siriri, daga gefe yake shigowa, ba ta gaba ba. Na ce ko idona ne. Na ɗauke kai na maido, ya rufe ƙananan duwatsu. Ba ya ƙara, ba ya kumfa, tahowa kawai yake yi.

Na miƙe. Can na hango shi a sunkuye, ya ba gaɓa baya, sandar ta lanƙwashe. Yana ja, yana sassautawa, yana matsawa gefe yana sake ja. Na san wannan tsayuwar. Ƙugiya ce ta maƙale, kuma na san wacce ce, don da wata ce da tuni ya tsinke zaren ya ɗaura sabuwa.

Na ce, "Angona, gaya wa babanka ruwa ya zagayo." A hankali na faɗa, kamar muna falo. Sai na ji wautar abin.

Na ɗaga murya. "Baban Ango!" Iska ta kwashe. "Malam! Maigidan nan!" Na cire mayafina ina kaɗawa. Wata tsohuwar Baturiya mai kare ta tsaya kusa da ni tana nuna ruwan, tana magana da sauri. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga fuskarta. Ta yi masa ihu da harshensu, bai juyo ba. Na waiga sama, ba Auta, ba kowa. Kwarin ya cika ya zama rafi, shi kuma ya taka wani dutse na ƙasa, ruwa har gwiwarsa, yana miƙa hannu wajen zaren.

Na taka har bakin ruwan, takalmana suka jiƙe. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Na ga yayana a tabarma. Sai na kira surukina. Sunansa tsirara, ba malam, ba komai, da muryar da muke kiran masu jirgi daga wancan ƙetare. Jaririn ya firgita ya fasa kuka. Na sake kira.

Ya miƙe tsaye cak, ya juyo. Ya ga ni, sannan ya ga abin da ke tsakaninmu. Amma wallahi sai da ya sake waiwayar zaren.

Na ce, "Yanke! Yanke shi!"

Ya ciro wuƙa ya yanke. Ya taho a kan duwatsun yana zamewa, ya shiga rafin, ruwa ya kai masa ƙugu, ya kai ƙirji. Ya ɗaga sandar sama. A tsakiya ƙafarsa ta goce, kansa ya ɓace. Ban san abin da na karanta ba a lokacin, na dai ji bakina yana motsi. Sai ga hannu, sai ga kai, ba sanda. Ya fito da rarrafe a tsakuwa, ƙwaurinsa yana jini, haƙoransa suna haɗuwa.

Bai miƙe ba. A nan gabana ya durƙusa yadda yake yi a ƙofar falo, ruwa yana zuba daga rigarsa. Ya ce, "Inna." Na juya fuska gefe. Na miƙa masa mayafina ta baya don ya rufa.

A haka Auta ta same mu, da kofunan shayi a hannu. Ta dubi mijinta, ta dubi inda duwatsun suke ɗazu, babu su, sai ruwa shimfiɗe. Kofunan suka zube. A mota ta ce, ba ta kalli kowa ba, "Daga sama na ji. Na ɗauka Baba ake kira."

Na yi kwanaki ban fito falo ba in yana gida. Kunya ta hana ni, kuma ko na rufe ido ruwan nan nake gani yana malala ta gefe. Da Asabar ta zagayo bai fita ba. Ta gaba ma haka. Sai wata Juma'a na hango shi ta taga a rumfa, da gwangwanin fentin ƙofa, wancan na farko mai saurin ɗayewa. Kwalaben danƙon kuwa na gan su a kwandon shara.

Washegari ya ari sanda ya tafi. Na yini ina kai da kawowa tsakanin kicin da taga. Da ya dawo bai kai akwatin rumfa ba. A kan teburin kicin ya ajiye shi, a buɗe, ya ɗauki ɗansa ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ka ce wa Inna ta duba."

Na ɗauki ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya, na kai su wajen haske. Fentin yana nan, idanunsu suna nan, ba gansakuka a gashin. Kifi ko ɗaya bai kamo ba.

Na ce, "Angona, gaya wa babanka tuwo ya sauka."