A Fara Duba Tanki

Ni bakanike ne. Shekara ashirin da wani abu ina gyaran babur a bakin tashar Ajingi, boko kuwa a aji huɗu na firamare na ajiye shi. Abin da zan faɗa a kan 'yata ta biyu ne, lokacin tana ajin kusa da ƙarshe a sakandare a Gaya.

Malaminsu na kwamfuta ya ba su jarrabawa wadda ba a taɓa kwamfuta. Ya ce kowa ya zaɓi wani aiki na gida, ya rubuta shi daki-daki, yadda ko na'ura, da ba ta da wayon kanta, za ta bi ta gama. Mutum uku da suka fi iyawa za a kai Kano su koyi aikin lokacin hutu. Yarinyar nan ta sa rai ƙwarai. Sai ta zaɓi aikina: yadda ake gano abin da ya hana babur tashi.

Kwana uku tana zuwa rumfata bayan la'asar, ta zauna a kan tsohuwar taya tana damuna da tambaya. In fulogi na ba da wuta, sai me? In ba ya bayarwa fa? Ta cika shafi biyu. Da ta karanta mini, na ji abu na farko wai a duba ko an murɗa makulli, na biyu a buɗe tanki a ga ko akwai mai.

Raina ya ɓaci. Na ce malaminta zai ɗauka ubanta shashasha ne, shekara ashirin abin da ya koya ke nan, leƙa tanki. Na sa ta soke su, ta fara daga fulogi da kafireto, aikin manya.

Ta ce, "Baba, ita na'urar ba ta san da mai ba sai an gaya mata."

Na ce ni na sani, ta rubuta yadda na ce. Ta kwafe sabuwa, tsohuwar ta bar mini a kan benci.

Daga bakin uwarta na ji sauran. Malamin ya turo babur ɗinsa gaban aji, ya riga ya tsiyaye mansa. Ya sa wata ɗaliba ta zama na'ura, ba ta yin komai sai abin da aka karanta mata. Aka bi takardar 'yata har ƙasa, babur bai tashi ba. Ya ce tsarinta ya fi na kowa kyau, amma ta tsallake farko. Ta zo ta huɗu. Ba ta ce masa ni ne na sa ta soke farkon ba.

Bayan wata biyu wani ɗan garin Gafasa ya turo mini babur, yana rantsuwa yanzu ya sha mai. Na yarda. Na kwance kafireto, na wanke, na canza fulogi, har azahar. Sannan na girgiza tankin. Wayam, ashe tiyon mai ne ya tsage a hanya.

Na je wajen malamin da tsohuwar takardar, duk ta sha baƙin mai. Ya karanta a tsaye, ya ce wannan ita ce daidai, amma yaran sun riga sun tafi Kano sun dawo.

Da na gaya mata na je, cewa ta yi, "Ba komai, Baba." Ta ci gaba da tankaɗen da take yi. Takardar tana cikin akwatin sifanonina. Ba ta taɓa tambayarta ba, kuma ba ta sake zuwa rumfar ba.