Inji Biyu a Garejin Malam Gariba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairun 2025, cikin watan Sha'aban, Allah ya karɓi ran abokina Malam Gariba Masawudu, bakanike mazaunin Catford, bayan gajeriyar jinya. An yi masa sutura ranar Alhamis. Jama'a ta taru, motoci har bayan kwana. Na tsaya ina bin motocin nan da kallo, Gariba, na rasa wadda ba ka taɓa kwanciya a ƙarƙashinta ba.

Ga wanda bai san shi ba, haifaffen zangon Kumasi ne. A Tamale ya koyi gyaran babur, daga baya ya zo London ya kama aiki a garejin bas, nan ƙarfinsa ya ƙare. Saura kaɗan ya yi ritaya. Ni kuwa ban taɓa mallakar mota a ƙasar nan ba, bas nake hawa, don haka abotarmu ta shayi ce da hira. Ina da kujerar roba a bakin ɗan garejin da ya kama haya a hannun council, wato ƙaramar hukuma, bayan flat ɗinsu. Daga kan kujerar nan na ga abin da zan faɗa.

Shekarun baya ka sayi wata mota a cikin kwalaye. Kit car suke ce mata: a kawo maka ita gunduwa-gunduwa, kai ka haɗa da hannunka. 'Yar mitsitsiya, kujera biyu, ba rufi, ba ƙofa, mutum biyu sa iya ɗaga gabanta. Na ce, "Gariba, a garin da ruwa ba ya ɗaukewa ka sayi mota ba rufi?" Ka yi dariya, ka ce da Hausarka ta zango, "Malam Uwaisu, duk motan da na taɓa, na wani ne. Wannan ɗaya nawa ne."

Ka haɗa ƙarfen jiki, ka sa tayoyi, ka ɗaura sitiyari. Sai aka zo kan inji, a nan magana ta tsaya. Irin motar nan ba ta zuwa da inji, mai ita ke zaɓa. Ka samo biyu ka ajiye a ƙasa: na wani babban babur da ya yi hatsari, da na wata tsohuwar ƙaramar mota. Ka sha yi mini bayani har na haddace. Na babur ba nauyi, motar za ta tashi kamar an harba ta, amma ƙara gare shi, kullum hannu na kan giya, ba ya zuwa da ribas sai an yi masa ciko, kuma da an ɗora masa nauyi a tudu sai ya fara kuka. Na mota nauyi gare shi, ba shi da zafin nama, amma yana ja a natse. Kowa ya san inda zuciyarka take. Idan ka tayar da na babur a kan katako, fuskarka takan koma ta saurayin Tamale.

Ranar Asabar kaɗai gare ka. Sauran ranakun na bas ne, Lahadi kuma ta kai maiɗakinka Hajiya Hansai cefane Peckham. To, ranar Asabar ɗin ce jama'armu suka gano.

Ba na maganar irin su Angelina, gwauruwar da ka gyara wa birki don motarta ta ci MOT, gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, ka kuma ƙi karɓar ko kwalbar lemo. Ba na maganar ɗalibai. Waɗannan kai kake nemansu, kuma Allah ya gani. Ina maganar mutanen da garejin kuɗi bai fi ƙarfinsu ba, masu zuwa da murmushi da "Malam Gariba, ɗan saurara mini ƙarar nan kawai." Kana goge hannu ka fita, ɗan saurarawa ya kai la'asar. Kana kwance a kan kwali cikin sanyi, su kuma suna tsaye hannu a aljihu suna leƙa motarka, suna ba da shawara. Wannan ya ce a sa na babur, wancan ya ce na mota. Wani har ya ce, "Kai, wannan akwalar sai dai jikoki su gama ta." Aka yi dariya. Ba wanda ya tambayi kansa me ya hana a gama ta.

Na ce maka ka riƙa rufe ƙofa daga ciki. Ka ce, "Mutum ya taso tun daga Stratford, in ce masa me?"

A watan jiya Hajiya Hansai ta kawo mana koko gareji. Ita da ba ta taɓa kula motar ba, ranar sai ta tattara zane ta shiga kujerar gefe, da ƙyar saboda gwiwa. Ta zauna ta ce, "To, Baban Mufeeda, ga ni. Ina za mu?" Ka ce bakin teku. Ta ce, "In dai da wancan mai ihun ne, ka tafi kai kaɗai." Ta koma gida. Sannan ka ja tamfol ka rufe injin babur, ka ce, "Wannan na mutum ɗaya ne." Gardamar shekaru ta ƙare ke nan. Ka kira Kambai, abokin aikinka ɗan Jos, kuka sa rana.

Ranar ta zo. Kambai ya kawo abin ɗaga inji, kuka sa sarƙa, injin mota ya tashi sama yana lilo a saitin mazauninsa. Sai ga wata doguwar mota ta tsaya a bakin ƙofa. Ba zan faɗi sunan mai ita ba, ya san kansa. Kambai ya ce, "Oga, yau dai ka yi haƙuri." Mutumin bai ko kalle shi ba. Ka goge hannu, Gariba, ka ce mana, "Yanzu zan dawo." A ƙarƙashin motar nan ƙirjinka ya riƙe. Da ƙafa muka jawo ka.

Na san ajali ba ya jiran inji, kuma ban ɗora wa kowa ranka ba. Amma ranar Litinin, kana kwance a asibiti, mutumin ya buga wa Hajiya waya. Ya tambayi jiki, sannan ya tambayi makullin motarsa. A wurin zaman makoki wani ya raɗa mini, wai kayan aikin nan ya za a yi da su. Wani kuma ya ce, "Yanzu wa zai riƙa duba mana?" Wannan ita ce ta'aziyyarsa.

Injin na nan rataye yadda ka bar shi. Council ta ce a ba ta garejinta a ƙarshen watan gobe, tunda da sunanka aka kama. In motar ba ta tashi ba, masu gwangwan za su kwashe ta. Na kai wa Hajiya maganar, ta ce, "Ku haɗa ta. Ya yi mini alkawarin teku, in na fita takaba zan je." 'Yarku Mufeeda ta amsa da Turancinta cewa ita za ta tuƙa.

Asabar da ta wuce na buɗe garejin na zauna a kujerata. Layin da ya saba cika ya yi tsit. Kambai kaɗai ya zo, da sifana a aljihu. Shi bayansa ciwo, ni ban san kan ƙusa ba, inji kuwa sai da masu riƙewa.

Allah ya jiƙanka, Gariba, ya sa ka huta hutun da ba a bar ka ka yi ba a nan. Ya haskaka kabarinka, ya sa kowace kwanciya da ka yi a kan kwalin nan ta zama nauyi a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Hansai, da Mufeeda, da dangi na Kumasi da Tamale. Allah ya ba su haƙuri da dangana, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Ku kuma masu motoci, Asabar mai zuwa garejin a buɗe yake. Ba sai na yi muku kwatance ba, kun san hanya. Ku zo a bas.

Malam Uwaisu, Catford