Waƙar da Ta Tsayar da Gayya

Idan jikokina suka tambaye ni yadda na yi kiɗa a zamanina, nakan ce musu ni ban taɓa yin ubangida ba. Nakan faɗi haka ina ɗaga kai, su kuma su ɗauka sarakuna ne suka yi ta roƙona ina ƙi. Gaskiyar magana, babu basaraken da ya taɓa aikowa a kira ni. Ni da gurmina ne kawai, daga kasuwar Gwandu zuwa ta Dodoru, wani lokaci in miƙa har Kalgo idan ƙafa ta yarda. Ba ni da 'yan amshi, ni ke waƙa ni ke amsa wa kaina. A shekarun alif ɗari tara da hamsin da wani abu ne, Bature bai tafi ba tukuna, ni kuwa ina ganiyar samartaka, ga murya mai daɗi wadda na fi kowa sanin daɗinta.

Na gwada haɗa kai da mutane. Na farko wani Bafillace ne mai sarewa daga rugagen bayan Gwandu, mutum mai haƙuri. Mun yi rani guda muna yawon bukukuwa, sannan wata safiya ya ce zai koma wa shanun babansa. Da na matsa masa, ya ce duk inda sarewarsa ta fara shiga jikin mutane sai in ɗaga murya in danne ta. Na yi fushi ƙwarai, domin bai yi ƙarya ba. Na biyu mai kalangu ne na mahauta, shi kasuwa uku kawai ya iya jure ni.

Na uku shi ne wanda nake son ba da labarinsa. Wani tsoho ne a Kalgo, makaɗin gangar noma, kowa Baba yake ce masa. Hannunsa na nan da ƙarfinsa, amma muryarsa ta dushe, sai ka matso kake jin abin da yake faɗi. Ya tsaya a kaina ran kasuwa, damina ta yi nisa, ya jira har na kai ƙarshen waƙa.

"Ɗan nan," in ji shi, "muryag ga taka, ka taɓa kai ta gona?"

"A'a, Baba. Kasuwa taka zuwa, sai gidan buki."

"To jibi akwai gayya Wurogauri. Tawa muryar ta tahi ta bar ni. Ka zo ka ara min taka."

A hanya ya ba ni labarin mai gonar. Magidanci ne da mata ɗaya da 'ya'ya ƙanana, kurkunu ya kama shi a ƙafa biyu tun bayan shuka, ko tsayuwa ba ya iyawa. Ciyawa ta taso ta kusa shanye geronsa. Mazan ƙauyen sun yarda su ba shi yini guda, kuma guda ɗin ne kawai, don kowa na da tasa gonar da ke jiransa. Idan ba a nome ta a wannan yinin ba, abin da iyalinsa za su ci bana ya tafi.

Sannan ya koya mini aikin, a taƙaice, don ba shi da muryar yin dogon bayani.

"Gurmin ga ka aje shi. Waƙag gona ba a yin ta don a saurara. Gajera ta, bisa sarar hauya taka faɗuwa. Kuma idonka ga na baya. Wanda yag gaji shi za ka kira, ka faɗi sunan ubanai, ka taso shi. Na gaba ba shi buƙatarka."

Na ce to, Baba. Na kuma rataya gurmina a ƙarƙashin riga, a bayana, inda nake ganin bai lura ba.

Mun isa gonar rana na ɓullowa. Na ga ciyawa har gwiwa, geron ya yi rawaya a cikinta, sai ka duba sosai kake gane shi. An ɗauko mai gonar an kwantar da shi a kan tabarma a gindin tsamiya, ƙafafunsa a kumbure, an naɗe kan kurkunun a jikin ɗan tsinke. Maza kusan talatin suka jera, kowa da kuyyarsa, wato layin shukar da zai bi. Baba ya saɓa ganga ya shiga gabansu, yana tafiya da baya, ya buga. Hauyoyi suka sauka tare.

Sai in ce na yi aikin kirki har hantsi. Baba ya nuna mini mutum da haɓa ya raɗa mini sunansa, ni kuma in kira shi da ƙarfi, kalma huɗu ko biyar, in ga bayansa ya ƙara lanƙwasa, ya cim ma 'yan'uwansa. Gona tana buɗewa a bayansu, jar ƙasa tana fitowa. Abin ya yi kyau. Damuwata ɗaya ce, babu wanda ya ɗago ya dube ni. Na saba da fuskoki, da masu gyaɗa kai, da wanda zai ce sake faɗi. A nan ƙeya kawai nake gani da gadon baya yana ƙyallin gumi. Muryar da nake ji da ita ta zama kamar sandar kora jaki, kuma abin ya ci mini rai.

Akwai wani dogo a can gaba, ya bar kowa da taku goma, yana sara kamar ba jikinsa ba. Na ce a raina wannan ai ya cancanci waƙa ta gaskiya. Na sulale daga gefen Baba, na tambayi wani sunan uban dogon da na kakansa, na jawo gurmi daga bayana.

Wallahi ban taɓa yin waƙa irin ta wannan hantsin ba, kuma ban sake ba. Kalmomi suna zuwa da kansu. Na ɗauko shi tun daga kakansa, na bi da shi ta fadama da tudu, na ce ciyawa na jin takunsa ta fara sallama da 'yan'uwanta. Dogon ya tsaya. Ya miƙe, ya ɗaga hauyarsa sama, ya fara kirari yana rawar jiki. Na kusa da shi suka tsaya su gani. Na bayansu suka taso su ji. Baba ya ƙara wa ganga ƙarfi, yana hararata, yana nuna musu kuyyoyinsu da gwiwar hannu. Sai wani daga cikin samarin ya juya ya ce masa, "Baba, ɗan sassauta gangag ga mu ji."

Na ji wannan maganar da kunnena, kuma daɗi na ji. Wannan shi ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

Daga nan kowa ya ce sai an yi masa tasa. Ni kuwa ban iya rowar waƙa ba. Na yi wa mai wushirya, na yi wa gajere, na yi wa wanda aka ce bara kura ta bi shi. Suka kewaye ni, hauyoyi a kafaɗa, ana ta shewa. Matan da suka kawo fura suka aje ƙore suka rangaɗa guɗa. Wani ya cire hularsa ya ɗora mini a kan tawa. Na hango mai gonar ya ɗaga kai yana duban sama, na ce a raina waƙa ta ratsa bawan Allah har ya kasa duban mutane. Ashe rana yake dubawa.

Da aka sha fura aka yi azahar, aka koma aiki, amma jiki ya riga ya yi sanyi. Baba ya yi ta bugu har jijiyoyin wuyansa suka tashi, ni ma na koma gajerun kiraye-kirayen, sai dai yanzu duk wanda na kira ɗagowa yake yi ya yi mini murmushi, yana jiran sauran. Gayya kuwa ba ta wuce la'asar. Mutane suka karkaɗe hauyoyinsu, suka yi wa mai gona sannu, suka yi mini godiya ta musamman, suka tafi. Kashi ɗaya cikin uku na gonar yana nan yadda muka same shi.

Na jira Baba ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Ya sauke ganga ya rataye ta a reshen tsamiya.

"Ɗan nan, ka iya waƙa," in ji shi. "Ni dai tun da nih hwara kiɗin ga, ban taɓa tashi gayya da saura ba sai yau."

Ya ari hauyar mai gonar ya shiga ciyawa. Kunya ta sa na ari wata na bi shi. Kwana uku muka yi a Wurogauri, tsoho ɗaya da makaɗin da rabonsa da hauya tun yana yaro. Tafin hannuna ya yi ruwa ya fashe tun ranar farko. Baba yana yin kuyya huɗu kafin in gama ɗaya, kuma a tawa ɗayar ban cika bambanta gero da ciyawa ba. A rana ta uku matar mai gonar ta zo bakin gona ta durƙusa, ta ce cikin ladabi maigida ya ce Malam mai gurmi ya huta hakanan, Allah ya saka da alheri. Na gane abin da ake nufi, na aje hauya. Abin da ya rage ciyawa ta cinye shi.

Baba bai sake nemana ba, ni ma ban sake bi ta layin da yake zama a kasuwar Kalgo ba. Na koma Gwandu na ci gaba da yawona. Labarin waƙar kuwa ya riga ni isa wurare, har bukukuwa biyu na samu saboda ita.

Da kaka ta yi, ina zaune a ƙofar gidanmu sai ga wani mutum da jaki, ya tambayi gidan mai gurmi. Ya sauke damin gero a gabana. Ya ce daga Wurogauri yake, zai wuce Dodoru, mai gonar nan ne ya ba shi saƙo. Al'ada ce, makaɗin gayya yana da daminsa idan an girbe. An kai wa Baba nasa, wannan nawa ne.

Na tambaye shi yadda gonar ta yi.

"To, an gode Allah," in ji shi. "Abin da yas samu shina kai su tsakiyar rani, in sun yi hankali."

Na ce ya mayar masa, don Allah, ya ce masa na gode. Mutumin ya girgiza kai.

"Ya ce in ka ce haka, in gaya maka kak ka kunyata shi. Shi ya kira gayya, kai ko ka zo."

Ya kaɗa jakinsa ya wuce. Na ja damin zuwa cikin zaure na kwance shi, ina fatan in ga ƙananan zangarniyoyi marasa ido, irin na gefen da na lalata, ko zuciyata ta ɗan sami sauƙi. Na juya su ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Duk manya ne, cikakku, an zauna an zaɓo su.