Shafuka Uku a Cikin Hulata

Ina iya manta abin da na ci jiya, amma ranar da na tsaya gaban aji da shafuka uku na sata a cikin hulata, wannan kam sai dai a binne ni da ita. Shekarun farko ne bayan samun 'yancin kai, ina aji huɗu a firamare a nan Keffi.

Malaminmu yana da littafin labarai guda ɗaya tak, yakan karanta mana duk ranar Alhamis. Muguntarsa ɗaya ce: sai labari ya kai inda ya fi daɗi, ya rufe littafin ya ce, "Sai mako." Daga nan ya ɗaure shi da zare, ya ba ɗalibi ɗaya ajiya har Alhamis ta zagayo, wai don mu koyi riƙon amana.

Labarin da muke kai na ɗan wani mai fito ne da ya kwance kwalekwalen ubansa don wasa, ruwa ya tafi da kwalekwalen, aka ɗora wa wata marainiya laifin. An tara jama'a za a kore ta daga gari, sai Malam ya ce sai mako. Ajiya kuwa ta faɗa kan wani yaro ɗan ruga da ke zuwa a ƙasa daga wajen hanyar Garaku. Ubansa bai yarda da boko ba sai da aka yi ta lallashi, ya kuma kafa sharaɗi cewa ranar da aka kunyata masa ɗa, ranar zai koma kiwo.

Ni kuwa haƙurin mako guda ya fi ƙarfina. Ranar Litinin da aka fita tara, na zare littafin daga jakarsa, na kwance zaren. Na fara karatu ke nan na ji an kaɗa ƙararrawa, sai na fizge shafuka ukun ƙarshe, na ninke su na cusa a hula. Har yau ina mamakin yadda na mayar da ƙullin zaren tsaf, alhali ko tazugen wandona ban iya ɗaurewa da kyau ba.

Ranar Alhamis Malam ya buɗe littafi, ya tarar babu ƙarshe. Ya dubi yaron ya ce, "Ina sauran?"

"Wallahi Malam ban buɗe ba."

Wani daga baya ya ce, "Saniyarsu ce ta ci, ita ma tana son jin ƙarshen." Aji ya kwashe da dariya, kuma tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Malam ya ce gobe ya zo da ubansa. Duk mun san ma'anar haka.

Sai ya ajiye littafin ya ce tunda babu ƙarshe, kowa ya tashi ya faɗi yadda yake ganin labarin zai ƙare. Wani ya ce wani kada ne ya cinye yaron, wata ta ce kwalekwalen ya dawo da kansa. Da aka zo kan ɗan rugar, bai ɗaga kai ba ya ce, "Yaron ya yi shiru, aka kori yarinyar. Ai haka ake yi."

Maganar ta soke ni, amma ba zan yi wa kaina ado ba, ba jarumta ce ta tashe ni ba, son a ce na iya ne. Na miƙe na zuba labari: yadda yaron ya kwana bai ci tuwo ba, yadda ya ga marainiyar tana ɗaure 'yan tsummokinta, yadda ya ciro igiyar kwalekwalen daga rumbun da ya ɓoye ta, ya ajiye gaban mai gari.

Malam ya ce, "A rumbu, ko?"

"E, Malam."

"Ikon Allah. Kai da mai littafin har rumbunku ɗaya." Ya gyara zama. "To, ka iya faɗin ƙarshen labari. Saura mu ga ko ka iya yin sa."

Bai ce in cire hula ba, bai ɗauki bulala ba, jira kawai ya yi. Na dubi ɗan rugar, na ga ya riga ya rataya jakarsa a kafaɗa tun ba a tashi ba, kamar dai marainiyar da tsummokinta. Na cire hular, shafukan suka faɗo, duk sun jiƙe da gumin kwana uku.

Bulala shida na sha, amma ita ce mai sauƙi. Da la'asar Malam ya tasa ni gaba har rugar, yana kan kekensa ina binsa a ƙasa, don in faɗa wa uban yaron da bakina. Na durƙusa na ce, "Baffa, ni ne ɓarawon, ba ɗanka ba."

Dattijon ya dube ni, sannan ya ce wa Malam, "Littafin nan ne ya sa ɗan birni ya tako har nan ya ce shi ɓarawo ne?" Malam ya ce shi ne. Ya ce, "To, a bar nawa ya ji sauran." Aka kawo mini kindirmo a ƙwarya, na sha, kunya tana cina.

Yaron ya yi karatu ya wuce ni nesa, ni kuwa na ƙare a shagon tireda. Mun tsufa muna zumunci, kuma duk haɗuwarmu sai ya ce in ɗaga hula ya duba. Yakan yi dariya, ni ma haka, amma ban taɓa manta cewa na yi masa dariya a ranar da makarantarsa ke hannuna ba.

Abin da na koya shi ne, sanin ƙarshen labari ba wuya, ɓarawo ma ya sani. Wuyar tana ga ka gane kanka a cikinsa, ka dubi wanda ake shirin kora saboda kai, ka cire hularka tun bai rataya jaka ba.