Layin da Dattijo Ya Ce a Goge

Wani dattijo yana zaune gaban wata mai buga takardu, riga a goge tsaf, yatsu duk tawada. Gajeren labari ya kawo, na wani zamani mai zuwa da injuna ke sanya fatar mutum suna sajewa da jama'a. Tana bugawa tana satar kallonsa. A ranta ta ce tsohon malami ne, wanda ya rasa abokin hira a gida.

"Baba, to yaya ake gane su?"

"Yana shafi na uku. Ba sa ƙifta ido." Sai ya nuna mata layin da yatsa. "Goge layin nan, 'yata. Bai kamata ku sani ba."

Sai yanzu ta lura. Tun shigowarsa fanka ke hura masa fuska, amma bai ƙifta ba ko sau ɗaya.